Kwalbar da Ta Ƙi Ƙarewa

A bakin shagon buga takardu ya tare ta, tana ƙoƙarin kulle ƙofa bayan an tashi aiki. Da farar rigar kemis a jikinsa, ko cirewa bai tsaya yi ba.

"Kwana arba'in da uku," ya ce.

Auta ba ta juyo ba. Ta san muryar. Dogo ne, mai tsaron kemis ɗin bakin titi. Shekara biyu tana sayen allurar ciwon sugan babanta a hannunsa, har sayen allura ya zama wani abu daban. Kwaɗon ya ƙi shiga.

"Ashe kana ƙirgawa," ta ce a hankali. Wani daɗi ya ratsa ta, ta danne shi. "Na ɗauka ka samu wata mai zuwa sayen maganin ciwon kai."

"Auta..."

"Ni ma ina ƙirgawa, in kana son ka sani. Amma Baba ya ce kada in ƙara taka ƙofarku. Me kake so in yi?"

"Ba ke nake ƙirgawa ba. Kwalbar nake ƙirgawa."

Sai yanzu ta juyo. Ta dube shi daga sama har ƙasa, kuma akwai tafiya tsakanin saman da ƙasan.

"Madalla. Allah Ya bar ka da kwalba, Likita."

"Ni ba likita ba ne, kin sani. Tsaya ki ji. Zuwanki na ƙarshe kwalba ɗaya na ba ki. Baba layi ashirin da huɗu na sirinji yake yi da safe, sha shida da yamma. Kwalba ɗaya kwana ashirin da biyar take yi masa, ba ta ƙara ko yini. A ina kika sayi wata?"

"Ba ruwanka."

"Ba ki saya ba. Wata guda ke nan dillali bai kawo wa kowa irin tasa ba. Duk mai kemis da ke kusa, in an tambaye shi insulin ni yake bugo wa waya, don firjinmu ne kaɗai mai sola. Sun ce kin je wurinsu kin dawo hannu Rabbana."

"Na je ne don in ajiye kafin ta ƙare. Kuma ba ta ƙare ba. Jiya na gan ta, da saura kusan kashi ɗaya cikin uku."

Dogo ya dube ta. Fuskarsa ta canza.

"Auta, kwalba ba ta haihuwa," ya ce. "In har yau da saura, to Baba ba ya yin abin da aka rubuta masa. Kuma wadda aka huda ta haura wata, ƙarfinta raguwa yake. Na ɓoye guda a can cikin firji, da sunansa a jiki. Ki zo ki karɓa, zuciyata. Ki zo yau."

"Ka san abin da ya ce."

"Na sani."

Ta danna kwaɗon da ƙarfi, ya shiga. Ta wuce shi ba sallama, don in ta buɗe baki kuka ne zai fito.

Laifin duk na alheri ne. A shekara guda kuɗin kwalbar ya ninka sau uku. Wata rana Dogo ya saka mata ita a leda, ya maido mata rabin kuɗin, ya cike daga aljihunsa. Ita kuma don murna ta je ta faɗa wa Baba. Baba kafinta ne, Kafinta ma kowa ke kiransa. Ya ajiye zarto, ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa, ya taka har kemis ɗin, ya dire ragowar kuɗin a kan kanta a gaban mutane.

"Ban haifi 'yar da za a saya da allura ba," ya ce.

A gida ya ƙara guda: "Wanda abincinsa ke cikin ciwona ba zai zama surukina ba." Daga nan bai sake tayar da maganar ba. Shi ba ya maimaita magana.

Da ta isa gida ta tarar da Gwaggo, yayar Baba, zaune a tsakar gida tana ninke wanki. Tun rasuwar mahaifiyar Auta ta dawo gidan, wai za ta yi wata guda. Shekara tara ke nan.

"Gwaggo, Baba lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Ke kike tambayata? Ba ki da ido?" Gwaggo ta ɗaga wani wando. "Dubi wannan. Mutum biyu irinsa za su shiga yanzu. Ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa, ya ɗauka ban gani ba. Ruwa kuwa kamar ana zubawa a rairayi. Buta ba ta hutawa. Ki je ki ga tururuwar da ke taruwa a banɗaki in ya yi fitsari."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Na yi masa magana, ya ce zafin gari ne. Ƙusar da ya taka a shago ma, sati uku, ya ɗaure ƙafar da tsumma ya ce ta warke. Abin da ya warke ba ya wari, 'yar nan."

Auta ta shiga ɗakin Baba. Yana shago bai dawo ba. A lungun gado akwai ƙaramin tulu mai jiƙaƙƙen yashi, nan yake binne kwalbar don ta yi sanyi, tunda ba su da firji. Ta ciro ta. 'Yar ƙarama, ba ta kai babban yatsa ba, ruwan ciki fari-fari kamar madarar da aka tsinka. Ba ta taɓa ganin yana yin allurar ba. Kullum sai ya tura ƙofa, ya ce ɗiya ba ta kallon cikin ubanta.

Ta ciro biro daga jaka, ta ja ɗan layi a jikin takardar kwalbar, daidai inda ruwan ya tsaya. Ta mayar da ita.

Washegari da safe tana haɗa shayi ta ji muryarsa.

"Auta."

Yana tsaye a ƙofar ɗaki, kwalbar a hannunsa. Wuyansa ya yi tsawo a cikin rigar.

"Wa ya yi min layi a kwalba?"

"Ni ce, Baba."

"Layin ma a karkace." Ya juya kwalbar. "Shekara arba'in ina jan layi a katako. Kin ɗauka ba zan gane layi ba in na gan shi?"

"Baba, nawa kake yi?"

"Jikina ne."

"Nawa, Baba?"

Ya dube ta. Ba ta taɓa maimaita masa tambaya ba. Ya ja kujera ya zauna, ya miƙe ƙafar mai tsumma.

"Goma da safe. Biyar da yamma."

Cokalin ya faɗi daga hannunta.

"An rubuta maka ashirin da huɗu..."

"Wanda ya rubuta yana zaune a kujera mai juyawa. Bai tambaye ni kuɗinta ba." Ya ajiye kwalbar a cinyarsa. "Na ga ƙafarki ranar da kika zaga kemis bakwai. Na ga kin jiƙa ta a ruwan ɗumi kina ɓoyewa. Rabin albashinki na tafiya a cikin wannan 'yar abar. Takalminki ɗaya tun bara. Aiki a shago ya ja baya, mutane sun koma kujerun roba. To na auna, na yanke."

"Baba, ba katako ba ne. Ranka ne."

"Har yau ina tsaye."

Ta durƙusa a gabansa, ta dafa gwiwarsa.

"Akwai guda a ajiye, Baba. Da sunanka. Zan biya cikakken kuɗi, wallahi ba zan bari ya rage komai ba. Ka bar ni in je in karɓo, ko minti biyu ba zan yi ba."

"Kin ga yaron ke nan."

"Shi ya tare ni."

"In kin taka ƙofar nan, ki ce ba ni na haife ki ba."

Gwaggo ta ajiye tsintsiya.

"Kai tun kana rarrafe haka kake," ta ce. "A ba ka nono ka ce sai ka biya. Yaro ya yi maka mutunci, ka mayar da shi abokin gaba. In ka mutu wa zai ɗauki girman kan naka? Makara ɗaya ba za ta ishe ku ba, kai da shi."

"Yaya, ki bar ni."

"Na bar ka. Tururuwa ce ba za ta bar ka ba."

Ya tashi, ya shiga ɗaki, ya tura ƙofa.

Kwana uku Auta tana bin umarni. Da an tashi aiki sai ta hau motar haya zuwa unguwannin da ba ta taɓa shiga ba. Ko'ina amsa iri ɗaya da muryoyi daban. Ya ƙare. Sai mako mai zuwa. Ba ma ajiyewa, 'yan mata, wuta ba ta zama, in ta lalace asararmu ce. Kullum a hanyar dawowa sai ta wuce ta gaban kemis ɗin bakin titi, ta ɗaya gefen. Kullum yana tsaye a bayan kanta yana kallonta. Ba ya kira. Ita ma ba ta tsallaka.

Rana ta huɗu da hantsi, tana tsakiyar buga wa wani takardu, wayarta ta yi ƙara. Mai walda ne, maƙwabcin shagon Baba.

"Ki zo asibiti. Babanki ya faɗi a kan katako. Yana magana amma ba a gane me yake cewa."

Ba ta san yadda ta isa ba. Ta same shi a gado, an saka masa ƙarin ruwa a hannu biyu. Leɓɓansa sun bushe sun tsage. Idonsa a buɗe amma bai san ta ba. Ya kira ta da sunan mahaifiyarta, ya tambaye ta ko ta rufe shago.

Likitar mace ce, ba ta da lokacin lallashi.

"Ke ce 'yarsa? Sugansa ya hau har na'urarmu ta kasa nuna lamba. Ƙafar kuma ta ruɓe daga ciki. Mun fara masa da ɗan abin da ya rage mana a ɗakin nan, ba zai kai la'asar ba. Ɗakin maganinmu babu." Ta yi rubutu, ta yage takardar. "Nemo wannan. Kada ki wuce awa biyu."

A gaban asibitin kemis huɗu ne a jere. Na farko ya girgiza kai tun kafin ya gama karantawa. Na biyu ya ce jiya ta ƙare. Na uku ya ce yana da irin mai kama da biro, ya faɗi kuɗin, ta ji kamar ƙasa ta matsa daga ƙarƙashinta. Na huɗu ya miƙa hannu kan kanta kusa da taga, inda rana ke bugawa, ya ɗauko kwalba ya hure mata ƙura.

Ta taɓa. Da ɗumi kamar an fito da ita daga aljihu.

"Ba ka saka ta a firji?"

"Firjin ya mutu tun watan jiya. Amma ai magani magani ne."

Ta ajiye masa abarsa. Wanda ya koya mata cewa zafi na kashe insulin ba tare da kamanninta sun canza ba, shi ne wanda aka hana ta zuwa wurinsa.

Ta tsaya a bakin titi, takardar ta jiƙe da gumi a tafinta. Rabin awa ta tafi. Maganar Baba na kunnenta, kalma bayan kalma. Ba ta taɓa tsallake maganarsa ba tun tana yarinya, ko a kan ɗan kunne.

"Gara ka rayu ka ce ba kai ka haife ni ba," ta faɗa a fili. Ta tare babur.

Dogo na ganinta ya bar mai sayen maganin tari a tsaye, ya nufi firji. Daga can baya, bayan kwalaben allurar rigakafi, ya ciro wani abu naɗe a takarda. An rubuta Kafinta a jiki. Ta kai hannu za ta fizge.

"Tsaya. Yana ina?"

"Asibiti. Bai gane ni ba, Dogo... bai gane ni ba."

"Ba ni takardar."

Ya karanta. Ya rufe ido.

"Ba wannan ba ce."

"Kamar ya ba ita ba ce? Ga sunansa!"

"Wannan mai fari-fari ce, ta kullum, a hankali take aiki. Likitar mai garai-garai take so, wadda take kamar ruwan sha, mai saurin aiki. Ita ake yi wa wanda ya faɗi. Tamu ta ƙare tun sati biyu."

Ta zauna a kan benci. Ta karya maganar ubanta, kuma a banza.

Dogo ya riga ya ɗora waya a kunne.

"Yallaɓai, kana da mai garai? To, na gode." Ya kashe, ya sake bugawa. "Abokina, mai garai, ko guda... Ka duba dai. To." Ya sake. Ya sake. Mai sayen maganin tari ya gaji ya tafi. A kira na shida wata mata mai kemis ta ɗauka, muryarsa ta sauya.

"Mama, ni ne Dogo. Eh, na ji kina da guda... Na sani, na san kin yi wa wani alkawari. Nasa na gobe ne, nawa yana kan gado yanzu." Ya saurara. Ya dubi kwalbar da ke hannunsa. "Mama, ina da mai fari-fari. Sabuwa, ba ta taɓa barin firji ba. Na san mutum nawa ke miki sintiri a kanta. Mu yi musaya."

Ya ƙara saurarawa, sannan ya gyaɗa kai.

"Allah Ya saka. Ga ni nan."

Ya ɗauko fulas, ya zuba ƙanƙara, ya naɗe kwalbar a tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Auta ta zuge jaka, ta juye abin da ta tara na kwalbar a kan kanta.

"Auta, bari wannan yanzu..."

"Karɓi."

Ya dube ta, ya dubi kuɗin.

"Baba zai tambaya," ta ce.

Ya kwashe duka ya jefa a aljihun tebur. Ya ja ƙofar kemis ya kulle da tsakar rana, abin da mai gidansa ya ce duk ranar da ya yi, kada ya dawo.

Kemis ɗin matar yana can bayan tashar mota, ƙarshen gari. Auta na bayan babur, fulas a ƙirjinta, ta rungume shi da hannu biyu. Iska na kwashe hawayenta zuwa kunne.

"Za a kore ka," ta ce.

"Wataƙila."

"Ka ce ba ni kake ƙirgawa ba."

"Ƙarya na yi, masoyiya. Rana ɗaya kuka tafi ke da kwalbar, lissafin ɗaya ne. Na kwalbar ne kawai nake da bakin faɗa."

"Kalli gabanka, Likita."

"Ina kallo."

Matar ta karɓi mai fari-farin, ta ɗaga ta sama ta duba, ta miƙo musu mai garai ba tare da dogon zance ba. Ta dubi Auta.

"Babanki ne?"

"Eh, Mama."

"Wannan fa?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Na gane," in ji matar. "Ku yi sauri."

Sun isa saura 'yan mintuna awa biyun ta cika. Dogo ya miƙa wa ma'aikaciyar jinya kwalbar, ya tsaya daga bakin ƙofa. Bai shiga ba. Da Auta ta leƙo daga baya, ya tafi.

A rana ta uku Kafinta ya dawo hayyacinsa. Yatsu biyu na ƙafar dama ba su dawo tare da shi ba, sai da aka cire su. Ya daɗe yana kallon bandejin. Sannan ya dubi 'yarsa.

"Wa ya samo allurar?"

Gwaggo ta yi mata alama da ido. Auta ta ƙi kallon Gwaggo.

"Wurinsa na je, Baba. Na taka ƙofar. Na shiga har ciki."

Ya juya fuskarsa bango.

Kwana tara bai yi mata magana ba. Aka sallame su, suka koma gida, yana nan a kan bakansa. Komai sai ta hannun Gwaggo.

"Yaya, ki ce mata shayin ya yi zafi."

"Ga ta nan a gabanka."

"Ki ce mata."

"Auta, wai in ji wani dattijo mai yatsu takwas, shayi ya yi zafi."

Amma da safe da yamma, in Auta ta zuƙo allurar har layin da likita ta rubuta, ta miƙa masa, yakan karɓa. Ƙofar ma ya daina turawa sosai. Dillali ya kawo kaya a makon, kuɗin ya ƙara hawa. Auta ta samo kwalba a wurin matar bayan tasha. Ba ta san inda ta wata mai zuwa za ta fito ba, kuma ta san shi ma yana wannan tunanin. Ta riƙa duba ruwan kwalbar kullum kamar mai gadi.

Dogo bai zo ba, bai kira ba. Ita ma ba ta neme shi ba. Ta ce a ranta sau ɗaya ta karya magana, don rai. Ba za ta karya don kanta ba. Sai dai abinci ya daina wuce mata, Gwaggo kuma ta daina yi mata tsiya, wanda ya fi komai nuna abin ya yi tsanani.

A rana ta goma mai walda ya zo dubiya. Cikin hira ya ce ai yaron kemis ya sha da ƙyar. Mai gidansa ya zo ya tarar da shago a kulle, mutane a tsaye. Ya zage shi a gaban jama'a, ya hana shi albashin sati biyu. Yaron bai ce uffan ba, bai ma faɗi inda ya je ba.

Bayan tafiyar mai walda, Kafinta ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Auta."

Ta kusa sakin kofin da ke hannunta.

"Na'am, Baba."

"Ranar nan. Ya karɓi kuɗi?"

"Ya karɓa."

"Cikakke?"

"Cikakke, Baba. Bai rage komai ba."

"Hmm," in ji Kafinta. "Ya fara hankali."

Sati biyu bayan haka, da hantsi, ya sa wankakkiyar riga, ya ɗauki sandar da ya fere wa kansa, ya jefa tef ɗin awo a aljihu.

"Rako ni."

Bai ce ina ba. Tafiyar minti goma ta ɗauke su rabin awa. Ya ƙi yarda ta riƙe shi. Da suka kai bakin titi ya tsallaka, ita kuma ta tsaya a gefen kwalta.

"Ƙofar ba ta cizo," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Kin riga kin san hanya."

Dogo na jera kwalaye ya gan su. Kwali biyu suka zube. Ya zagayo da sauri, ya durƙusa.

"Baba, barka da zuwa. Ya jiki? Ga kujera..."

"Tashi. Tsawonka ma a durƙushe ya ishe ni."

Kafinta bai zauna ba. Ya dafa kantar ya girgiza ta. Ta yi ƙara, kwalaben kai suka kaɗa. Ya bi kantocin bango da ido, waɗanda suka lanƙwashe a tsakiya saboda nauyi. Ya sa farce a gefen katakon, gari ya zubo.

"Wa ya yi muku wannan aikin?"

"Ban sani ba, Baba. Na zo na tarar."

"Ba ya tsoron Allah." Ya kakkaɓe yatsansa. "Ka faɗa wa mai gidanka zan yi masa sabuwar kanta da kantoci, bango zuwa bango, da katakon da zai binne jikokinsa. Ya sayi katako. Ladan hannuna ba kuɗi nake so ba. Kwalba nake so, duk kwana ashirin da biyar, har ladan ya ƙare. Daga firji. In ya ƙi, akwai matar bayan tasha, na ji ita ma kantarta ba ta da kirki."

"Zai yarda, Baba. Tun bara yake neman kafinta."

"Bai nema da kyau ba."

Ya ciro tef ɗin, ya maƙala bakinsa a ƙarshen kantar, ya ja yana ɗingishi har ɗaya ƙarshen. Ya sunkuya kan lambobin. Ya matsar da kai baya. Ya sake matsowa. Auta ta ga yadda yake ƙanƙance ido, ta gane lambobin sun gauraye masa. Ta yi taku ɗaya za ta je, ya ɗaga mata hannu.

"Kai. Zo ka karanta min."

Dogo ya matso, ya sunkuyo har kansa ya kusa taɓa na tsohon.

"Mita biyu da santi talatin da bakwai, Baba."

"Ka tabbata?"

"Da rabi."

"Da rabin za ka fara faɗa, ba sai an tambaye ka ba." Ya saki tef ɗin, ya koma gidansa da ƙara. Ya mayar da shi aljihu. Ya gyara riƙon sandarsa, ya dubi firji, ya dubi bango, ya dubi ko'ina ban da su biyun.

"Kana da manya?"

Dogo ya miƙe tsaye.

"Ina da kawu, Baba. Da yayan mahaifina."

"Turo su ranar Asabar. Da safe, kafin in gaji."

Auta ta kifa kanta a kan kantar. Kukan da ta riƙe tun bakin shagon buga takardu ya ƙwace mata gaba ɗaya, kafaɗunta na rawa. Dogo ya tsaya da hannuwa a sake, ya rasa inda zai sa su, idonsa ya cika.

Kafinta ya ɗora tafinsa mai kaushi a bayan kan 'yarsa. Ya bar shi a nan ɗan lokaci.

"Ya isa, Uwata," ya ce. "Ɗaga kanki daga katakon mutane. Dama ruɓaɓɓe ne, kada ki ƙarasa shi kafin in zo."